Yadda Na Kashe Lambun Babana

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Uwani.

Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, Ya tsare ki a hanya da inda za ki zauna, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Na ba Innarki ita na ce ta sa miki a ƙasan jaka, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki buɗe ta a motar Ɗambatta mutane suna leƙen abin da ke ciki. Rubutuna kin san shi, na yaƙi da jahilci ne, sai ki yi haƙuri da shi.

Ranar Juma'a da 'yan uwa suka zo yi miki sallama, kin ce asibitin da aka tura ki yana ba kowane ma'aikaci ɗan fili a bayan gidajen kwana, kuma kina so ki yi lambu a naki. Sai kika juyo gare ni a gaban mutane kika ce in rubuta miki yadda ake fara lambu, tunda ubanki ne gwanin fadamar nan. Kowa ya gyaɗa kai. Ni kuwa na sunkuyar da nawa ina gyara zaman hula, kika ɗauka kunyar yabo ce. Ba ita ba ce. Lambun da kike alfahari da shi yana mutuwa, Uwani, kuma ni na kashe shi. Rani biyu ke nan ban cire kwandon tumatir ɗaya daga cikinsa ba. Yanzu an gama girbi, mutane sun fara gyaran fangali, dole ta sa a 'yan kwanakin nan na yanke ko lambun zai ci gaba da zama a gidanmu ko zai fita. Shekara uku kina makaranta, Innarki kuma ba ta zuwa fadama, shi ya sa maganar ta ɓoyu. Abin da kika nema ba ni da shi. Abin da na iya shi ne lalata ƙasa, shi zan rubuta miki, ki karanta ki yi akasinsa.

Da aka raba gadon Baba, gonar tudu ta tsattsage tsakaninmu har abin da ya zo hannuna bai isa a kira shi gona ba. Amma lambun bakin rafi ni aka bar wa, domin ni nake bin Baba can tun ina ƙarami. A lokacin ƙasarsa baƙa ce mai laushi, in ka tura yatsu sai su shige, ka fito da tana biyu ko uku. Ba haka ta faɗo daga sama ba. Ƙasar yankin nan namu an noma ta tun kaka da kakanni ba hutu, domin ba wanda yake da filin da zai bari ya huta. Taki ne ya riƙe ta. Baba yana da jaki da mangala, kuma daga ƙarshen kaka har faɗuwar ruwa ba ranar da jakin nan ba ya sauke kaya a gona ko a lambu. Kashin awaki daga turke, tokar murhu, sharar tsakar gida, ƙaiƙayi, har jujin cikin gari yakan je ya roƙa ya kwashe. Ina saurayi ba aikin da na tsana kamar wannan. Ina tafe bayan jaki ina wari, 'yan mata masu tallan fura suna toshe hanci suna dariya.

Shekara biyu bayan rasuwar Baba na sayar da jakin. Takin zamani ya wadata a kasuwa, buhu ɗaya a bayan keke yana yin abin da jaki zai yi wata yana jigila, ga shi ba wari. Shekarar farko tumatir ya yi irin yin da ban taɓa gani ba, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Maƙwabcina na lambu, Modu, wanda kakanninsa suka zo daga Barno tun kafin a haifi Baba, shi bai saki jakinsa ba. Yana sa na zamani kaɗan, amma a kan na gargajiya. Na riƙa tsokanarsa ina cewa tsakaninsa da jakin ba a san wanda yake kora wani ba. Dariya kawai yake yi, ya ce ni in ci gaba da ciyar da ganye, shi ƙasa yake ciyarwa. Ban tsaya na saurari maganar ba, don a lokacin kwandunana sun fi nasa yawa.

Abin bai zo rana ɗaya ba, shi ya sa ban farga ba. Kowace shekara sai na ƙara taki kafin in sami abin da na samu bara. Ƙasa ta fara yin haske, ta yi tauri, fartanya tana ƙara a kanta. Tanar nan ta cikin ƙasa ta ɓace, kuma ban san shekarar da ta ɓace ba.

Saboda haka idan aka nuna miki filinki, kada ki fara da neman iri. Ki haƙa rami a gefe, ki nemi gidan da ake kiwon awaki ki roƙi sharar turkensu, ki haɗa da toka da busasshen ganye da ɓawon kayan miyarki. Ki yayyafa ruwa, ki rufe, ki riƙa juya shi lokaci lokaci har ya daina wari, ya koma baƙi yana marmashewa a hannu. Sannan ki sa shi a fangali. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ki bar shi ya ruɓe tukuna. Sharar asibiti kuwa kin fi ni sanin abin da ke cikinta, kada ta kusanci ramin. Abokan aikinki za su gan ki da farar riga da safe, da yamma su gan ki kina kwasar kashin akuya, kuma za su yi miki dariya. Ki ƙyale su. Ni dariyar na guda, har yau ina biyan abin da gudun ya jawo mini.

Akwai kuma gawon. Ba ki san shi ba, kina goye na sare shi. Yana tsaye a kusurwar gabas ta lambun, babba ne, mutum biyu ba sa zagaye shi da hannu. Kin san halin gawo, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. To ni da rani nake lambu, sai na ga inuwarsa tana cin fangali huɗu. Na yi ta kallon fangalin nan huɗu ina jin haushi, har ranar da na kira masu gatari. Innarki ta aiko a ce mini bishiyar da na tarar a tsaye ba tawa ba ce ni kaɗai. Na ce a gaya mata ta ji da tukunyarta. An kwana biyu ana sara. Na sami fangalina huɗu, suka yi kyau shekara biyu, daga nan suka zama kamar sauran. Sai daga baya na gane abin da bishiyar take yi. Ganyen da take zubarwa taki ne. 'Ya'yanta suna jawo awaki da shanun makiyaya bayan an kwashe amfani, su wuni a ƙarƙashinta suna zuba mini taki kyauta. Tana kare yabanya daga iska mai zafi. Duk wannan na mai da shi itacen girki, bai kai mu damina ba ya ƙare.

Ki bar duk abin da kika tarar a filinki a tsaye har shekara ta zagayo. Ki ga inda inuwa take faɗawa da safe da inda take faɗawa da la'asar, ki ga inda ruwa yake kwanciya in an yi ruwan sama. Wurin da yake da inuwa ki sa masa latas ko alayyafo, ko ki yi renon iri a can. Na shuka wani gawon shekara biyar da suka wuce, ina jin kunya na shuka shi. Yanzu ya kai ƙirjina. Ba zan ga inuwarsa ba.

Maganar ruwa ita ce ta fi yi mini nauyi a rubutawa, domin a nan ne na fi ganin kaina mai wayo. Baba da jigo yake ban ruwa daga 'yar rijiyar da ke tsakiyar lambun. Guga ɗaya, fangali ɗaya, kuma yana sanin wanda ya ƙoshi da wanda bai ƙoshi ba, don ƙafarsa tana cikin ƙasar. Aiki ne mai karya baya, ba zan yi miki ƙarya ba. Da na sayi injin ban ruwa na ji kamar an sauke mini dutse. Laifin ba na injin ba ne, Modu ma ya saya daga baya. Laifin nawa ne. Sai in tayar da shi in sa tiyo in tafi hira wajen masu shayi a bakin hanya, in dawo in tarar da lambu ya zama tafki. Ina ganin yawan ruwa shi ne gata. Ruwan ya riƙa wanke abin da ya rage a ƙasar yana kaiwa rafi, wanda ya kwanta kuma in rana ta shanye shi sai ya bar fari-fari a sama kamar kanwa. Yau in ka zuba ruwa a lambuna ba ya shiga, tsayawa yake yi a sama yana kallonka. Rijiyar ma sau uku ina ƙara mata zurfi, yanzu kafin azahar ta ƙafe.

Ke da bokiti za ki fara, kuma haka ya fi miki. Kada ki ce sai kin cika filin duka. Fangali uku ko huɗu sun ishe ki shekarar farko, waɗanda za ki iya shayarwa kafin ki tafi aiki ko bayan kin taso. Kafin ki zuba ruwa ki tura yatsa a ƙasa, in da danshi ki bar shi sai gobe. Ki rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko karan da aka farfasa, ruwa zai daɗe. Dashe kuma da yamma ake yi, in rana ta yi sanyi, ba da tsakar rana ba. Wannan ɗaya dai ban taɓa kuskure shi ba, ina gaya miki ne don kada ki ɗauka ban iya komai ba.

Sai tumatir. Baba yana cakuɗa lambunsa, nan albasa, nan attaruhu, can kuɓewa da yalo da rama, a bakin shinge zogale, kuma abin da ya zauna a wuri bana ba ya komawa wurin baɗi. Ni na ga tumatir ne motoci suke zuwa ɗauka, sai na cire komai na cika lambu da shi daga wannan shinge zuwa wancan, shekara bayan shekara. Innarki tana aiken a sayo mata albasa a kasuwa, mijinta yana da lambu. Da tsutsa ta zo ba ta tarar da abin da zai tare ta ba. Cikin mako guda ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Na yi feshi, na ƙara feshi, na haɗa magani biyu da uku ba tare da na tambayi kowa ba, har idanuna suka yi wata suna ruwa. Modu ma tsutsar ta ci masa tumatir, amma ya kwashe albasa da attaruhu ya riƙe gidansa. Ni na dawo gida da fartanya kawai.

A shekarar tsutsar ce na tuna da goran Inna, mahaifiyata wadda kike da sunanta. Tana da irin kuɓewa da ta zo da shi daga gidansu, gajeriya mai kauri, yauƙinta ba irin na kasuwa ba ne. Kowace shekara takan zaɓi 'ya'yan farko masu kyau ta bar su su bushe a jikin uwar, ta ɓare, ta cakuɗa da toka, ta zuba a gora ta toshe bakinsa. Bayan rasuwarta goran ya zauna rataye a zaure shekara tara ban shuka ba, ina ta sayen irin gwangwani. Da na sauke shi na zazzage a tafin hannu, rabi gari ne. Abin da ya rage na shuka, ko ɗaya bai tsiro ba. Na bi gidajen da na san ta taɓa ba wa iri, na tarar tsofaffin sun rasu, 'ya'yansu kuma sun yi irin abin da na yi. Kin taɓa tambayata me ya sa miyar kuɓewa ba ta yin daɗin da take yi kina ƙarama, na ce miki bakinki ne ya canza. Ƙarya na yi miki, ki yafe mini.

Iri ba a ajiye shi a gora, Uwani, a ƙasa ake ajiye shi. Duk wanda kika samu ya yi miki kyau, ki shuka shi kowace shekara ko da layi ɗaya ne, kuma ki ba maƙwabta. Ki cakuɗa lambunki, ki riƙa sauya wa kowace shuka wuri, ki sa wake a tsakani don yana gyara ƙasa. Magani kuwa ke ma'aikaciyar lafiya ce, ba sai na gaya miki a karanta jikin kwalba ba.

Amma duk waɗannan da na lissafa ana iya gyara su da an tare su da wuri. Abin da ya hana shi ne girman kai. Sau nawa Modu yana leƙowa ta kan shinge ya ce, "Haladu, ƙasar nan taka tana neman taki, in aiko maka da mangala biyu?" Sai in ce masa na gode, ya kai wa wanda ba shi da shi. Ina jin nauyin a ce ɗan mai lambun da ya fi na kowa ya koma roƙon taki wajen wanda yake yi wa dariya. Na gwammace ƙasa ta mutu da a ga na sunkuya. Kuma ga inda abin ya ƙare: rani biyun nan, kayan miyar da nake shigowa da su gida kina yabawa in kin zo hutu, daga lambun Modu suke. Ƙodago nake yi masa. Ina fita da asuba da fartanya kamar zan je nawa, in wuce shi in shiga nasa, in yi dashe da cirar ciyawa, in tashi ya cika mini kwando. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, 'ya'yansa ma ya hana su. Ranar da kika ɗaga wani tattasai kika ce wa Innarki ba mai hannun Baba a garin nan, barin tuwon na yi na fita na zauna a zaure.

A inda za ki akwai wanda ya riga ki sanin ƙasar wurin, wataƙila mai gadi ne, wataƙila wata tsohuwa ce mai shara. Ki gaishe su, ki tambaye su, ki yi abin da suka ce ko da takardarki ta fi tasu. In shuka ta lalace miki, ki faɗa tun tana lalacewa. Kada ki ɓoye wa mutanen gidanki abu irin wannan, domin ɓoyon ya fi asarar ciwo, na ɗanɗana duka biyun.

Shekaranjiya da hantsi na yi abin da ya kamata in yi tun shekara goma baya. Na kira Modu na ce ya shigo ya duba mini ƙasar, ya gaya mini gaskiya. Ya tsuguna ya sari wuri uku da fartanya, ya murza ƙasar, ya sansana, ya zuba ruwan buta ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Ba ta mutu ba, Haladu. Za ta tashi. Amma sai an yi shekara shida ko bakwai ana zuba mata taki, ana shuka mata wake, ba a neman komai a wurinta."

Na ce, "Shekara bakwai."

Ya ce, "In Allah Ya yarda." Sai ya dube ni, ya dubi yadda na dafa gwiwa kafin in miƙe.

Na haura sittin, Uwani. Bayana ba ya ɗaukar kwando ɗaya daga gida zuwa fadama sai na huta sau biyu. Yayanki Sani yana Kano yana tuƙin adaidaita sahu, kuma tun bara ya gaya mini da ladabi kada in sa ran zai dawo fadama. Ban ga laifinsa ba, abin da ya taso ya gani a hannuna ba abin sha'awa ba ne. Na tsaya a wurin ina neman wanda zai yi shekara bakwai ɗin nan ban samu ba. Sai na ce wa Modu ya ɗauki lambun. Ba sayarwa ba, ba haya ba, ya ɗauka kawai shi da 'ya'yansa su raya shi su ci. Ya ƙi, na nace. A ƙarshe ya ce ya karɓa a matsayin aro, kuma duk ranar da ƙasar ta tashi, in akwai wani a gidanmu da zai riƙe ta, zai mayar. Na ce to, na gode. Muka yi musabaha. Mu biyun mun san babu.

Jiya da safe 'ya'yansa suka cire shingen da ke tsakaninmu. Ni na nuna musu inda za su fara.

Ban rubuta wannan don ki bar aikinki ki dawo ba, kada ma ki sa shi a ranki. Kada kuma ki kira Innarki a waya ki yi mata maganar, ba ta sani ba tukuna. Ni zan gaya mata da bakina bayan kin tafi, in na sami ƙarfin hali.

Allah Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa albarka a hannunki ga marasa lafiyar da za ki taɓa, Ya tsare miki mutuncinki da sallarki. Ki yafe wa ubanki abin da ya ɓoye miki. Ɗan filin da aka ba ki kuwa, Allah Ya sa ya yi sa'ar mai shi fiye da yadda nawa ya yi. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Haladu